Likitan Dabbobi Yana Dako, Shanunmu Suna Mutuwa

Jama'a 'yan kara, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako Cadi ta garin Adre. Cikinsu akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, har da likitocin dabbobi. Khartum fa tun 1938 ake koyar da aikin likitan dabbobi a can. Amma mai wannan ilimi sai ka tarar da shi yana dako ko buga tubali, don takardar shaidarsa ba ta Cadi ba ce, ga kuma rashin Faransanci.

Mu kuwa ciwon huhu da sammore suna cin dukiyarmu, muna sayen allura a kasuwa muna yi wa shanu da ka. Wannan ba asara biyu ba ce?

Dokar 'yan gudun hijira ta 2020 ta ba su izinin aiki. To, shugabannin ƙungiya su nemo su, su raka su ma'aikatar kiwo a tantance takardunsu, mu kuma mu haɗa kuɗin albashi, kowace kara da nata likita. Kuɗin sa guda da muke rasawa ai ya isa somawa. Allah Ya sa mu gane.