Makor: A Yi Magana Tun Kafin Taragun Dutse Su Cika Dogo

Jama'a, duk wanda ya taɓa raka shanu daga Ngaundere zuwa Yawunde ko Duwala ta jirgin ƙasa ya san Makor, ko da bai taɓa sa ƙafa a ƙasarta ba. Ƙaramar tasha ce tsakanin Ngaundere da Ngaundal, a cikin ƙasar Martaf. Mu dai da yawanmu abin da muka sani game da ita shi ne fitilar mai tasha da kukan birki.

Dogon nan ba tsoho ba ne ƙwarai. A zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo aka shimfiɗa shi: ya iso Belabo a 1969, ya ƙarasa Ngaundere a 1974. Kafin nan iyayenmu da ƙafa suke kora garke zuwa kudu, makonni a daji, saniya ta isa kasuwa ƙashi da fata. Da jirgi ya zo sai shanun Adamawa da na Cadi suka riƙa isa mahautan Yawunde da kitsensu. Regifercam ta gwamnati ce ta riƙe hanyar har 1999, sannan aka miƙa ta ga Camrail. Jirgin fasinja na dare kuwa kowa ya san shi, a tashi da maraice a wayi gari a Yawunde, kilomita sama da 600.

To, me ya kawo zancen Makor yau? Tsaunukan Minim da Martaf cike suke da boksit, jar ƙasar nan da ake fitar da alminiyom daga cikinta. Kamfanin Canyon na Ostareliya, ta hannun reshensa Camalco, ya sami izinin haƙa a 2024, kuma Makor ya zaɓa ta zama wurin lodi, daga nan sai tashar jiragen ruwa ta Duwala. A 2025 ma har ya sayi hannun jari a Camrail.

Ba mu ƙi arzikin ƙasa ba, wallahi. 'Ya'yan Martaf su ma su sami aiki. Amma ku tuna dogon nan ƙwaya ɗaya ne. Jirgi biyu ba sa gittawa sai a tasha, dole ɗaya ya koma gefe ya jira ɗaya ya wuce, kuma aikin ƙananan tashoshi irin su Makor ke nan tun fil azal. Tambayarmu ita ce: ranar da taragun dutse suka haɗu da taragun shanu, wa zai jira wa? Dutse in ya kwana uku a rana ba ya rama, ba ya jin ƙishi. Sa kuwa kowace awa da ya yi a tsaye cikin tarago, kuɗi ne ke zuba daga jikinsa. In ɗaya ya faɗi 'yan'uwansa suka tattake shi, sai yaron rakiya ya nemi wuƙa, kuma kun san farashin naman da aka yanka a bakin dogo.

Wasu cikinmu za su ce ai tirela na nan, a bar musu jirginsu. Haka ne, da yawa sun koma titi ta Meiganga da Garwa-Bulai. Sai dai wanda ya ƙirga kuɗin mota da na shingaye ya san cewa ranar da jirgi ya daina ɗaukar shanu, masu tirela za su yanka mana farashin da suka ga dama.

Ana kuma shirin sabunta dogo daga Belabo zuwa Ngaundere, wajen kilomita 330. Yanzu ne lokacin magana, ba bayan an gama zane ba. Abin da muke so shugabannin ƙungiya su kai gaban hukumar jirgi da ma'aikatar kiwo a rubuce abu uku ne: a sa dokar cewa jirgin dabbobi ne ke fara wucewa a mahaɗa, a tsayar da ranakun lodi sanannu a Ngaundere da Ngaundal, a kuma haƙa rijiya da kwamin shayarwa a Makor. 'Yan'uwanmu na Cadi su ma su sa hannu a takardar, don shanunsu ne suka fi doguwar tafiya kafin su ga tarago.