Ra'ayinmu: Ɗan Tiredan Landan Da Tsohon Da Ya Ƙi Jefarwa

Sanin kowa ne cewa idan ana maganar ƙasar Ingila a rumfunan kasuwa, abin da aka fi faɗa shi ne Turawa ba su san zumunci ba: yaro na cika shekara 18 ya kama gabansa, tsoho kuma a kai shi gidan gajiyayyu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin ƙidayar da aka yi a Ingila a shekarar 2021 ta nuna kusan gida 2 ne kacal cikin 100 ake samun kaka da ɗa da jika a tare. Amma abin mamaki, wasan barkwancin da mutanen ƙasar suka zaɓa a matsayin gwani a ƙuri'ar da tashar BBC ta shirya a 2004, labarin irin wannan gida ne. Mai gidan kuwa ɗan kasuwa ne irinku.

Sunan wasan Only Fools and Horses, daga wani tsohon zance da ke nufin wawaye da dawakai ne kaɗai ke wahalar aiki. John Sullivan ne ya rubuta shi, BBC ta fara nuna shi a 1981, aka rufe a 2003 bayan kashi 64. Jigon wasan shi ne Del, wanda David Jason ya fito a matsayinsa, ɗan tireda a unguwar Peckham da ke kudancin Landan. Ba shi da shago. Jarinsa akwati ne da wata 'yar mota ruwan ɗorawa mai taya uku. Yau agogo, gobe kayan wasan yara, jibi wani abin da shi kansa bai san amfaninsa ba, kuma da ya hango ɗan sanda sai ya rufe akwati ya ranta a na kare. Kullum yana gaya wa ƙanensa Rodney cewa baɗi war haka sun zama miloniyoyi.

Ba mu kawo shi don a yi koyi da cinikinsa ba. Mutum ne da ba ya shiri da haraji, ba ya tambayar inda kaya suka fito, har akwai lokacin da ya ɗura ruwan famfo a kwalabe ya sayar da sunan ruwan ƙorama. Wannan ha'inci ne ko a Peckham ko a kasuwar bakin iyaka, dariyar 'yan kallo ba ta wanke shi.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne gidan. Wani ɗan sashe ne a can hawa na 12 na dogon benen ƙaramar hukuma mai suna Nelson Mandela House. Mahaifiyarsu ta rasu Rodney yana ƙarami, uban ya sa ƙafa ya gudu, ya bar Del, yana saurayi, da riƙon yaro da kuma kakansu. Kakan nan ba ya kawo ko sisi. Girkinsa ba ya ciwuwa, yini yake a kujera gaban akwatin talabijin biyu. Del na yi masa tsiya, shi ma yana ramawa, amma hannun Del ne ke ciyar da shi har ya koma ga Mahaliccinsa.

A nan ne marubucin ya yi abin da ya cancanci a tsaya a duba. Lennard Pearce, mai fitowa a matsayin kakan, ya rasu a ƙarshen 1984. Maimakon a sa wani ya maye gurbinsa kamar ba abin da ya faru, sai aka yi jana'izar kakan a cikin wasan a 1985. A wurin jana'izar ne ɗan'uwan marigayin, Albert, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, ya bayyana. Dangin da yake zaune a wurinsu suka zame suka bar shi a nan. Da farko Del ya ce atafau ba zai ɗauki wani sabon nauyi ba, ya nuna masa ƙofa. Kafin kashin ya ƙare ya ce masa ya ɗauko jakarsa su tafi gida. Haka Albert ya gaje kujerar, yana damun kowa da labarin yaƙin duniya. Da Raquel ta haifa wa Del ɗa mai suna Damien a 1991, sai ga jariri da iyayensa da tsoho mai furfura a ɗan wurin da ko numfashi sai an yi dabara. Rodney ma da ya yi aure ya tashi, da suka saɓa da matarsa Cassandra, nan ya dawo da kayansa.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman nan na jin daɗi ne kawai. Rashin hali na cikin abin da ya haɗa su, haya a Landan ba wasa ba ce. Kuma wasan bai ɓoye cewa mutum ɗaya ne ke biyan kuɗin wannan zumunci ba. Del ya sha faɗa cewa riƙon Rodney ne ya hana shi aure da wuri. A wani kashi na 1986, tsohon abokinsa ya yi masa tayin haɗa jari a Ostireliya, damar da ya daɗe yana mafarki. Sai aka hana Rodney biza saboda an taɓa kama shi da tabar wiwi. Del ya ɗaga waya ya ce ya fasa tafiyar. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa tsayar da ɗan'uwansa a shinge shi kuma aka ce ya wuce, ya san nauyin wannan shawara.

Mu a ganinmu, wannan ne wurin da ya shafi masu karatunmu. Da yawanku ku ne Del a gidajenku. Kai ne ka bar gari ka kama ɗakin haya kusa da kasuwa, kai ne ake bugo wa waya idan Baba ba lafiya, kai ne kuɗin makarantar ƙanne da gyaran soro da ragon suna. Ana yaba maka a bakin taro, amma ba mai zama ya lissafa jarin da ya narke a hanya. Ba muna cewa a saki tsofaffi ba, Allah Ya kiyaye. Cewa muke 'yan'uwa su zauna su raba nauyin tun babban yaya bai durƙushe ba. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙafar kai tsoho asibiti, yana da hannun rubuta lissafi. Ko Rodney da ake yi wa kallon sakarai ya yi ranarsa: takardar shaidar sayen kaya da ya adana shekara da shekaru ce ta tabbatar da cewa wani tsohon agogo da ke yashe a garejinsu mallakinsu ne.

Agogon nan aikin John Harrison ne, makerin agogon ƙarni na 18, kuma a cikin wasan an yi gwanjonsa a kan fam miliyan 6.2. Mutum miliyan 24.3 suka kalli wannan kashi a watan Disamba na 1996. Ga shi dai sun zama miloniyoyi, an sayi manyan gidaje da mota ta kece raini.

Da wasan ya dawo a 2001, dukiyar ta salwanta a kasuwar hannun jari, hukumar haraji na bin su bashi, suka tattara suka koma hawa na 12. Albert kuma ya rasu, domin Buster Merryfield da ke fitowa a matsayinsa ya riga mu gidan gaskiya a 1999. A kashi na ƙarshe, a 2003, ana gab da raba su da gidan sai lauya ya kira su. Ashe tsohon da Del ya taɓa nuna wa ƙofa ya adana rabon da aka ba shi, ya juya shi a hankali, ya bar musu wasiyyar da ta isa biyan bashin.