Alamar Bakin Ƙofa Ba Ta Jan Ruwa

'Yan'uwa ɗalibai, sanin kowa ne ba kowane gida ke da rijiya a Daura ba. Tun zamanin da macijin nan Sarki ya hana jan ruwa a Kusugu sai ran Juma'a, in ji magabata, mutanenmu sun san mai sha daban, mai kawowa daban. To, haka maginan manhajar shafukan intanet suka tsara aikinsu. Sashen da ke bukatar rumbun bayanai ba ya haƙa nasa, ginshiƙin manhajar ne ke kawo masa, tamkar ɗan ga-ruwa. Martin Fowler ne ya yayata sunan wannan dabara a 2004.

Da fari, a ginshiƙin Spring, sai mutum ya zauna ya jera bukatun kowane sashe cikin dogon rubutun XML. Bayan harshen Java ya sami alamomi a 2004, sai Spring 2.5 ya zo da @Autowired a 2007: ka manna alama a bakin ƙofa, ruwa ya iso. Mu ma mun ji daɗin abin, ba ma musu.

Amma fa wahalar tana wuyan mai koya wa ginshiƙi karanta alamar. Tilas ya zaga gida-gida kafin manhaja ta tashi. In garwa biyu suka dace da randa ɗaya, wacce za a juye? In wannan sashe na jiran wancan, wancan kuma na jiran wannan, wa za a fara ginawa? Sai a 2021 Spring Boot 2.6 ya daina ƙyale irin wannan zagaye, sai wanda ya nema da kansa. AngularJS kuwa da suna yake gane bukata, amma da zarar an matse rubutun don ya yi sauƙin saukewa, sunaye su koma a da b, ɗan ga-ruwa ya ɓace a lungu. Dole aka koma jera sunayen da hannu cikin $inject.

Abin da ya dame mu shi ne yawancin kuskuren ba ya bayyana lokacin rubutu, sai manhaja ta zo tashi, wato ranar kare aikin ƙarshe gaban malamai, ko ranar biyan albashi a hannun ƙaramin ma'aikacin da ya gaji rubutun wani. Alhali da yawanmu kwafo alamar muke yi, ba mu san wa ke cika randar ba.

Saboda haka muna roƙon malamanmu su hana mu @Autowired zango ɗaya cur, kowa ya miƙa wa kowane sashe bukatarsa da hannunsa, kafin a ba mu alama a aji na gaba.