Ku dubi Ancelotti, ku aje dorina

Abokan aikina masu cewa yaro ba ya ji sai da tsawa da dorina, ku dubi Carlo Ancelotti. Ɗan manomi ne daga Reggiolo ta Italiya. Ya buga tsakiya a Roma da Milan, gwiwa ta sha wahalshe shi, kana ya koma horaswa. Masu suka sun daɗe suna cewa ya cika sanyi. To, da sanyin nan ya ɗauki kofin zakarun Turai sau 5, ya ci gasar ƙasashe biyar, ya riƙe masu girman kai irin su Ronaldo da Ibrahimovic. Mu kuwa ɗan shekara 9 ya kasa lissafi, sai mu miƙe tsaye muna neman bulala, wai tarbiyya.