Filin Kimiyya: Ranar Ƙaura Da Kundin Sunaye

Duk wanda ya yi aikin ofis a zamanin da ya san babban littafin nan na akawu, wanda ake rubuta sunan kowane ma'aikaci a ciki, da muƙaminsa, da sashen da yake, da lambar wayarsa. Yau littafin ya koma cikin kwamfuta, aikinsa kuwa sai ƙaruwa ya yi. Idan ma'aikacin banki ko ɗalibin jami'a ya buga sunansa da kalmar sirri da safe, wannan kundi ake fara tambaya kafin a buɗe masa ƙofa. Wanda sunansa ya faɗi daga ciki, to, ranar nan ya zama baƙo a ofishinsa, ba wasiƙa, ba fayil, sai zaman jira.

Don haka ranar ƙaura da kundin ranar taka-tsantsan ce. Ma'aikata takan canja na'ura, kamfanoni biyu sukan haɗe, dole kuwa a kwashe sunayen a zuba su cikin fayil ɗin da wata na'urar dabam za ta iya karantawa. Yadda ake wannan kwasa shi ne zancen wannan mako.

Asalin tsarin kundin ya faro ne daga ƙa'idar X.500, wadda hukumomin sadarwa da na ma'auni na duniya suka fitar a 1988. Da aka ga ta yi wa ƙananan na'urori nauyi, sai Tim Howes na Jami'ar Michigan a Amurka da abokan aikinsa suka fito da hanya mai sauƙi da ake kira LDAP, aka wallafa ta a 1993, gyara na uku kuma ya fito a 1997. Da ita ake magana da Active Directory na kamfanin Microsoft da kuma OpenLDAP har yanzu.

Kundin yana da siffar itace ne. Ma'aikata ita ce gindi, sassa su ne rassa, mutane kuma ganyaye, kowa da cikakken adireshin da ya bambanta shi da mai irin sunansa. Amma akwai abu na biyu da ido ba ya gani da wuri, watau dokokin kundin. Su ne ke faɗin abin da ya wajaba a rubuta game da kowane irin abu, da abin da aka bar wa ganin dama. Alal misali, dokar ajin mutum ta tilasta a sa cikakken suna da sunan mahaifi ko na iyali, lambar waya kuwa in an so. Kowace doka tana da lambarta ta dindindin, ta ajin mutum ita ce 2.5.6.6. Ma'aikatu da yawa sukan ƙara nasu gurabun, kamar lambar albashi ko matakin aiki.

A nan ne masu gaggawa kan yi tuntuɓe. Sukan kwashi sunaye su bar dokoki, kamar direban da ya lodo kaya ya mance takardarsu a tasha. Sa'ad da aka isa sabuwar na'ura, sai ta ci karo da gurbin da ba ta san da shi ba, ta ƙi karɓar bayanin mutumin gaba ɗaya.

Maganin wannan na cikin abin da ya sa aka ƙirƙiro DSML. Bayan fitowar XML a 1998, watau salon rubutun nan da ke killace kowane bayani tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa, sai kamfanin Bowstreet ya jagoranci IBM, da Microsoft, da Novell, da Oracle, da haɗin gwiwar Sun da Netscape, suka fitar da DSML a 1999. Fayil ɗinsa yana da ɗaki biyu, ɗaya na dokoki, ɗaya na sunaye, don kaya da takardarsu su yi tafiya tare.

Aikin mai rubuta manhaja ba mai tsawo ba ne. Da farko zai haɗa da na'urar kundin, ya gabatar da kansa. Sa'an nan ya tambaye ta inda ta ajiye dokokinta, ya ɗauko su, ya rubuta a ɗakin farko. Daga nan sai ya bi itacen tun daga gindi, yana rubuta mutum bayan mutum, a ƙarshe ya rufe alamomin da ya buɗe. Masu aiki da yaren Perl suna da Net::LDAP::DSML, wanda ke da umurni ɗaya na rubuta dokoki da wani na rubuta sunaye, masu Java ma suna da irin nasu kayan aikin.

Sai dai kuma rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ramin farko shi ne ƙidaya. Idan ba a canja saitinsu ba, Active Directory ba ya ba da fiye da suna 1,000 a amsa ɗaya, OpenLDAP kuma yakan tsaya a 500 ga mai tambaya na yau da kullum. Manhajar da ba ta kula da gargaɗin da na'ura ta turo ba, za ta rufe fayil tsaf kamar ta gama, alhali sauran jama'a suna baya. Ana neman sunayen ne shafi-shafi, ko a ɗaga iyakar, a kuma ƙirga abin da ya fito a gwada da abin da ke ciki.

Rami na biyu ya shafi Hausawa kai tsaye. LDAP yana ajiye rubutu da tsarin UTF-8, wanda ya san ƙ, da ɗ, da ɓ. Idan manhaja ta rubuta fayil da tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai, wanda bai san su ba, sai Ɗanladi ko Ƙanƙara su fito da alamar tambaya a madadin harafin farko. Haka nan alamar & da ke cikin sunayen wasu kamfanoni tana da ma'ana ta musamman a XML, in an zuba ta yadda take sai fayil ɗin duka ya ƙi karantuwa. Hoton ma'aikaci kuma ba rubutu ba ne, tilas a juya shi zuwa haruffa da tsarin Base64. Shi ya sa gwanaye ba su harhaɗa alamomin da hannu, sukan bar wa kayan aikin da aka yi domin haka.

Rami na uku ya fi duka zurfi. A cikin na'ura, kundin yana da masu gadi, kowa abin da aka yardar masa kaɗai yake gani. Da zarar an juye shi cikin fayil, gadi ya ƙare, duk wanda ya tsinci fayil ɗin zai karanta adireshin gida da lambar wayar kowa. A wasu na'urorin, in mai cikakken iko ne ya yi kwasar, har kalmomin sirrin da aka rikiɗa sukan biyo baya, ɓarawo kuwa yana iya zama da su a ɗakinsa yana gwada fasa su. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Saboda haka a zaɓi gurabun da ake bukata kawai, a kulle fayil ɗin, a kuma share shi in an gama.

Gaskiya ne DSML bai mamaye duniya yadda masu shi suka yi fata ba. Ƙungiyar OASIS ta amince da gyara na biyu a 2002, wanda ya karkata ga aika tambaya da karɓar amsa. Mafi yawan masu kula da kundi sun ci gaba da LDIF, wanda aka daidaita a 2000, sabbin ayyukan intanet kuma sun fi bin SCIM, wanda gyaransa na biyu ya fito a 2015. Amma ko da wane salo aka ɗauka, tambayoyin shugaban ma'aikata ga injiniyansa ba su canja ba: an taho da dokokin? An ƙirga mutanen? Wa ke riƙe da fayil ɗin? Kada ya sa hannu a kashe tsohuwar na'ura sai ya ji amsar ukun duka.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa.