Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimin Firamare Na Kamaru Game Da Yaran Briqueterie Da Wayar Salula

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ilimin Firamare na Jamhuriyar Kamaru,
Farfesa Laurent Serge Etoundi Ngoa,
Yawunde.

Mai Girma Minista,

Manufar wannan wasiƙa ita ce jawo hankalin ma'aikatar ilimin firamare zuwa ga tazarar da ke tsakanin abin da manhaja ta tanada game da ilimin kwamfuta da abin da yara ke karo da shi a gidajensu. An ɗauki unguwar Briqueterie da ke ƙaramar hukumar Yawunde ta biyu a matsayin misali, saboda unguwa ce da wannan tazara ta fito fili a cikinta, kuma ba ta da nisa da ofishin Mai Girma Minista, ta yadda duk jami'in da aka aika zai iya ganin zahirin lamarin ya koma bakin aikinsa kafin azahar.

Adalci ne a fara da yaba abin da aka riga aka yi. Sabuwar manhajar makarantun nazare da firamare ta shekarar 2018 ta kasa karatu gida 5, ta kuma keɓe ɗaya daga ciki ga ƙwarewar dijital, wato iya sarrafa kwamfuta da waya da intanet wajen neman bayani da adana shi da aika shi. Haka nan ƙasa ta samu dokar tsaron intanet da hukunta laifuffukansa a ranar 21 ga Disamba 2010, da dokar kare yara a intanet ta ranar 25 ga Yuli 2023, sannan dokar kare bayanan sirrin jama'a ta Disamban 2024. Abin da ya rage shi ne sashen da ya fi wuyar koyarwa, wanda masana ke kira zama ɗan ƙasa nagari a intanet, ma'ana yaro ya san haƙƙinsa da haƙƙin wasu a kansa a duk lokacin da ya riƙe waya, ya iya tsare sirrinsa da na gidansu, ya bambance sahihin labari da ƙage, ya kuma kame daga cin mutuncin mutumin da ba ya gabansa.

Briqueterie ta samo sunanta daga masana'antar gasa bulo ta zamanin Jamusawa, kuma tun lokacin mulkin mallaka fatake Hausawa suka kafu a cikinta, daga baya Fulani da Barebari da Bamun da baƙi daga Nijar da Najeriya da Chadi da Mali suka cika ta. Arzikinta ya dogara ne a kan ɗinki da cinikin yadi da gashin nama da ƙananan sana'o'i, waɗanda a yau kusan dukkansu sun rataya a kan wayar salula: ta WhatsApp ake turo wa tela hoton ɗinkin da ake so, ta Orange Money ko MTN Mobile Money ake biyan mai tsire da mai yadi, ta nan kuma ake aika wa dangi kuɗi a Garwa ko Marwa ko Ngaundere. Sai dai da yawa daga cikin dattawa da iyaye mata, duk da cewa sun yi karatun allo kuma suna magana da harsuna biyu ko uku, ba su saba karanta Faransanci ba, alhali da Faransanci ko Ingilishi saƙonnin kamfanonin waya ke zuwa.

Daga nan ne matsayin yaro ya sauya. A irin waɗannan gidaje, ɗan aji biyar ko aji shida shi ne magatakardan gida: shi ake kira ya karanta saƙon da ya shigo, shi ke danna lambobin tura kuɗi, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar ya haddace lambar sirrin asusun kakarsa. Idan wani saƙo ya shigo yana cewa an turo kuɗi, sannan wani ya bugo waya yana magiya cewa kuskure ya yi a mayar masa, ko ya ce shi ma'aikacin kamfani ne yana buƙatar lambar sirri don gyara asusu, to, wannan yaron ne ke tsaye tsakanin macuci da jarin gidan. Abin da zai kuɓutar da shi bai wuce abu uku ba: ya duba ko saƙon ya fito ne da sunan kamfani ko daga lambar wani mutum, ya binciki ragowar kuɗin asusun kafin ya mayar da ko sisi, ya kuma riƙe cewa kamfani ba ya tambayar kowa lambar sirrinsa. Darasi ne da za a iya gamawa a zama guda, amma yaron da bai samu wanda ya koya masa ba, sai bayan hasara yake gane shi.

A gefe guda kuma, darasin kwamfuta a makarantun gwamnati da dama bai wuce zanen na'urar a kan allo da alli ba, yara su kwafa su haddace sunayen sassanta da Faransanci domin jarrabawa. Laifin ba na malamai ba ne, domin malamin da ke fama da cunkoson ɗalibai da ɗaukewar lantarki, a makarantar da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ke cike giɓin da kasafin gwamnati ya bari, ba shi da wata dabara da ta wuce allo. Amma sakamakon shi ne makaranta tana bayanin na'urar da yaro bai taɓa taɓawa ba, ta yi shiru a kan wadda ke kwana a gidansu. Rufe makarantu a watan Maris 2020 saboda annobar korona, lokacin da aka koma ba da darussa ta gidan rediyo da talabijin na CRTV, ya nuna cewa gidajen da suka saba da kayan zamani ne suka ci gaba da karatu, sauran kuwa suka zauna jiran a buɗe.

Wannan wasiƙa ba ta roƙon a yi wa yara rabon kwamfutoci. Kamaru ta riga ta ga irin wannan shiri, lokacin da aka yi alƙawarin kwamfutocin tafi-da-gidanka 500,000 ga ɗaliban jami'o'i a 2016, aka fara rabonsu a ƙarshen 2017 da rancen da aka karɓo daga ƙasar Sin. A ƙasar Peru kuma, wadda ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan kwamfutoci, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai gano ci gaba a sakamakon lissafi da na harshe ba, duk da cewa yaran sun saba da na'urar. Darasin da ke ciki shi ne na'ura ba ta maye gurbin horarren malami, kuma tarbiyyar mu'amala da intanet ba sai an jira ɗakin kwamfuta za a fara ta ba. Tun shekarun 1990 Tim Bell na Jami'ar Canterbury a ƙasar New Zealand da abokan aikinsa suka tsara hanyar koyar da tushen ilimin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba, ta amfani da katuna da wasannin fili, kuma kayan darussansu kyauta ne ga kowane malami.

Batun labarin ƙarya ya fi na zamba nauyi, domin ya shafi zaman lafiyar ƙasa. A Briqueterie labari ya fi yawo ta saƙon murya, da Hausa ko Fulatanci, daga zauren WhatsApp na dangi zuwa na 'yan kasuwa, kuma sau da yawa yaro ake cewa ya tura. Sashe na 78 na dokar 2010 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa miliyan 10, ko duka biyun, ga wanda ya yaɗa labari ta hanyar sadarwar zamani alhali ba zai iya tabbatar da gaskiyarsa ba, kuma gyaran kundin hukunta laifuffuka na ranar 24 ga Disamba 2019 ya mayar da cin zarafin ƙabila laifi. Tun da layin waya da sunan babba ake yi masa rajista, abin da yaro ya tura cikin rashin sani yana iya jawo wa mahaifinsa tuhuma. Bugu da ƙari, Facebook da TikTok sun gindaya shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai buɗe shafi, amma wannan sharaɗi bai tsare yaron da ke shiga ta shafin yayansa ba, inda yake cin karo da tallar cacar ƙwallo da hotunan da ba su dace da shekarunsa ba. Hukumar da ta kafa hukunci a kan babba, haƙƙi ne a kanta ta koyar da yaro tun kafin ya girma ya faɗa cikin laifin.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne unguwar tana da tushen da za a ɗora wannan tarbiyya a kai. Yawancin yaranta suna zuwa makarantar boko da safe, su wuce ta allo ko Islamiyya da yamma, wasu kuma suna makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci, kuma a can suna jin cewa Suratul Hujurat ta yi umarni da tantance labari kafin a yi aiki da shi, ta hana izgili da laƙabin ɓatanci da bin diddigin asirin mutane da gulma. Malaman hadisi kuma sun daɗe da ilimin isnadi, wato bin salsalar waɗanda suka ruwaito magana ɗaya bayan ɗaya har zuwa asalinta, tare da auna amincin kowannensu. Tambayoyin da mai tantance labari ke yi a yau, wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaushe, kuma wa ya tabbatar, su ne dai tambayoyin mai bin isnadi. Kamaru ƙasa ce da gwamnatinta ba ta bin wani addini, saboda haka ba a neman ma'aikata ta koyar da addini. Abin da ake nema shi ne ta zauna da malaman unguwa da limamai da shugabannin coci, domin abin da yaro ya ji a aji da safe ya zo daidai da abin da zai ji da yamma.

Harshe ma yana cikin matsalar. Kundin tsarin mulki na 1996 ya ɗora wa ƙasa kare harsunan gida da bunƙasa su, dokar tsarin ilimi ta ranar 14 ga Afrilu 1998 ta jaddada hakan, kuma tun 1979 aka amince da baƙaƙen bai-ɗaya na rubuta harsunan Kamaru, waɗanda suka ƙunshi haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da Hausa da Fulatanci suke amfani da su. Gargaɗin da aka rubuta da Faransanci kaɗai yana tsayawa ne a jakar yaro, wanda aka naɗa da muryar Hausa ko Fulatanci kuwa yana shiga har ɗakin kakarsa.

Bisa waɗannan dalilai, ana roƙon Mai Girma Minista ya duba abubuwa guda biyar. Na farko, a umarci ofishin sufetan ilimin firamare na Yawunde ta biyu ya gudanar da gwaji na shekarar karatu guda a makarantun Briqueterie, na gwamnati da masu zaman kansu, inda za a mayar da wayar salula ginshiƙin darasin azuzuwa biyu na ƙarshe, da saƙonnin zamba na gaske da aka goge sunaye da lambobin da ke cikinsu. Na biyu, a shigar da wannan fanni cikin horon kwalejojin malamai na ENIEG da tarukan ƙara wa juna sani, domin malamin da shi kansa bai san yadda ake rufe asusu da mabuɗin sirri mai ƙarfi ba, ba zai koyar da shi ba. Na uku, a haɗa hannu da hukumar ANTIC, wadda ke kula da fasahar sadarwa da tsaron intanet, wajen shirya gajerun saƙonnin murya da harsunan gida, waɗanda ƙungiyoyin iyaye da malamai za su yaɗa. Na huɗu, a sauya salon tambayoyin jarrabawar kammala firamare ta CEP da takwararta ta ɓangaren Ingilishi, ta yadda za a riƙa gabatar wa ɗalibi saƙo a tambaye shi matakin da zai ɗauka da dalilinsa, domin abin da jarrabawa ke tambaya shi malami ke koyarwa. Na biyar, a samar da ɗaki guda mai lantarkin hasken rana wanda makarantun unguwar za su riƙa karɓa-karɓa a cikinsa, a kuma keɓe wa 'yan mata lokutansu da malamai mata, saboda iyaye da yawa ba za su bar 'ya'yansu mata shiga shagon intanet na bakin titi ba, alhali su ne aka fi yi wa barazana da hotunansu.

Kariya ba ita ce iyakar burin ba. Nji Collins Gbah, ɗan shekara 17 daga Bamenda, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shiga sahun zakarun gasar Google Code-in, kuma an sanar da nasararsa ne a farkon 2017, a daidai lokacin da aka katse intanet a yankinsu. Arthur Zang kuma ya ƙera Cardiopad, na'urar auna bugun zuciya da aika sakamakon ga likitan da ke nesa, wadda ta ba shi kyautar Rolex a 2014. Yaron da ya iya lissafin canji a rumfar mahaifinsa, yake kuma fassara tsakanin harsuna uku a rana guda, ba ya rasa basirar da zai bi sawunsu, matuƙar an fara da shi daga abin da ya sani.

Don haka ana fatan Mai Girma Minista zai aiko da tawagar sufetoci su zauna da shugabannin makarantu da iyaye da masu unguwa kafin shiga sabuwar shekarar karatu a watan Satumba, a tsayar da makarantun da za a fara da su da malaman da za a horar, sannan a bayyana wa jama'a sakamakon gwajin a ƙarshen shekara, ko ya yi kyau ko bai yi ba, domin sauran unguwanni irin su New Bell ta Duwala su amfana da shi.

Allah ya ja zamanin Mai Girma Minista, ya yi masa jagora, ya albarkaci yaran Kamaru baki ɗaya.

Daga wani mazaunin unguwar Briqueterie,
Yawunde, Jamhuriyar Kamaru.