Abokan Gaban da Suka Yi wa Kanada Ungozoma

A ranar 1 ga Yuni, 1866, mayaƙa kusan dubu suka ƙetare kogin Niyagara daga birnin Buffalo na Amurka, suka shiga Kanada. 'Yan asalin Ailan ne, na ƙungiyar Feniyan wadda John O'Mahony ya kafa a New York a 1858. Da yawansu sun goge a yaƙin basasar Amurka, kuma suna ɗauke da ɗacin yunwar da ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya a ƙasarsu tsakanin 1845 da 1852. Nufinsu su kama Kanada, wadda ke hannun Ingila, su riƙe ta garkuwa har a sakar musu Ailan.

An saba ba da labarinsu cikin ba'a, a matsayin wautar 'yan gudun hijira masu dogon buri. Wannan rashin adalci ne ga tarihi. Washegari a Ridgeway, ƙarƙashin jagorancin John O'Neill, sun fatattaki dakarun sa-kai na Kanada, suka kashe tara daga cikinsu. Ba su ja da baya ba sai da Amurka ta toshe musu hanyar agaji.

Babbar hujja kuwa tana New Brunswick. A zaɓen 1865, mutanen lardin sun kayar da masu son haɗewa da sauran larduna. A watan Afrilu, 1866, 'yan Feniyan suka taru a gabar Maine suna barazana ga tsibirin Campobello. Zaɓen da ya biyo baya ya koma hannun masu son haɗewar, kuma ranar 1 ga Yuli, 1867, aka kafa tarayyar Kanada. Akwai batun ciniki da na jirgin ƙasa, gaskiya ne, amma tsoro ne ya ɗaure tsintsiyar.

Wannan bai wanke su ba. Mutanen da suka kashe ba su taɓa zaluntar Ailan ba. An bar jaki ana dukan taiki. Thomas D'Arcy McGee, ɗan Ailan mai sukarsu, wanda ke cikin waɗanda suka assasa tarayyar, harbe shi aka yi a Ottawa a 1868, aka rataye wani da ake zargin ɗan ƙungiyar ne.

Duk da haka, ƙasar da ke lissafa iyayenta ta tsallake waɗanda barazanarsu ta haɗa kanta, rabin tarihinta take karantar da 'ya'yanta. 'Yan Feniyan sun cancanci babi guda cikakke, da laifinsu da tasirinsu duka a cikinsa.